Tambaya da Amsa: Shin Ciyawar Teku Tana Kare Ƙwaƙwalwa?

Wasiƙu uku ne suka iso mana a kan magana ɗaya, don haka muka haɗa su wuri guda, kuma mun sakaya sunayen masu tambayar kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, ina zaune a Gwammaja tare da mahaifiyata wadda ta haura shekara 70. Yau kusan shekara biyu ke nan da muka lura mantuwa ta yi mata yawa. Takan yi tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, takan idar da sallar La'asar ta sake miƙewa ta ce ba ta yi ba, kuma kwanan baya ta shiga maƙwabta barka ta kasa gane ƙofar gidanmu da za ta dawo. Tana da hawan jini, tana kuma shan magani. Wata abokiyar aikina ta turo mini saƙo ta WhatsApp mai cewa masana sun gano sinadarai a cikin ciyawar teku da suke kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa daga lalacewa, ta kuma haɗa ni da wata mai sayar da kafso ɗin. Mai sayarwar ta ce idan Hajiya ta fara sha sai a ajiye maganin asibiti don kada su yi karo. Kuɗin yana da yawa, amma idan zai yi amfani zan nemo shi ko ta halin ƙaƙa. Don Allah a faɗa mini gaskiyar lamarin.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Zan fara da abin da ba ya jiran dogon bayani: kada a ajiye maganin hawan jinin nan ko da na kwana ɗaya ne saboda maganar mai sayar da kafso, domin hawan jinin da aka bari babu magani yana cikin manyan abubuwan da suke lalata ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, kuma yana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki. Shi kuwa saƙon da aka turo miki yana da ƙamshin gaskiya, domin binciken yana nan ana yin sa a jami'o'in Koriya da Japan da Sin da Turai. Sai dai tsakanin abin da aka gani a ɗakin gwaje-gwaje da abin da za a zuba wa dattijuwa a tafin hannu ta sha akwai tafiya mai nisa, kuma wannan tafiyar ce masu talla suke tsallakewa.

Ciyawar teku daban take da kainuwa ko gansakukar da muke gani a kan kududdufai. Tsiro ne na ruwan gishiri wanda ba shi da saiwa irin ta bishiya kuma ba ya fure, an kuma kasa shi gida uku bisa launi: kore, ja, da mai ruwan ƙasa. Ko da yake tsakaninmu da teku akwai tafiyar kusan kilomita 1,000, ta daɗe da shigowa rayuwar Bakano ba tare da ya sani ba. Farin magi da ake sa wa miya ya samo asali ne daga aikin wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, wanda a 1908 ya ware sinadarin ɗanɗanon daga wata ciyawar teku mai suna kombu, ko da yake yanzu daga rake da rogo da masara ake sarrafa shi. Daskararren abin da ma'aikatan ɗakin gwaji suke shuka fitsari ko jini a kansa don gano ƙwayar cuta daga jar ciyawar teku ake samo shi, haka ma sinadarin aljinet da ke cikin Gaviscon na masu ƙwarnafi daga mai ruwan ƙasa yake fitowa. Saboda haka babu mamaki idan masana suka sa ran samun wani abu a cikinta don ƙwaƙwalwa.

Dalilin da ya sa ake neman abin da zai kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa shi ne rauninsu. Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki yake amfani da ita. Duk murhun da ake hura wa wuta haka dare da rana sai ya yi tartsatsi, kuma tartsatsin a nan wasu ɓurɓushin sinadarai ne da suke cin bangon ƙwayar a hankali kamar yadda tsatsa take cin kwanon rufi. Idan fata ta yanke takan tofo ta cike, amma mafi yawan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa idan sun mutu jiki ba ya mayar da gurbinsu. A cutar Alzaima, wadda wani likitan Jamus ya fara bayyanawa a 1906 kuma ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na ruɗewar tsufa, ana ƙara samun wani furotin mai suna amiloid yana taruwa a tsakanin ƙwayoyin, wani kuma mai suna tau yana cukurkuɗewa a cikinsu, sannan kumburi ya biyo baya.

Sinadarai uku ne aka fi ambata a wannan fagen, kuma dukkansu daga ciyawa mai ruwan ƙasa suke. Akwai fukoidan, wanda yake cikin yauƙin da ke jikin ciyawar, mai kama da na kuɓewa ko karkashi, kuma tun 1913 aka ware shi a ƙasar Suwidin. Akwai fukozantin, wanda shi ne yake ba ta launinta. Sai fulorotanin, masu bauri, waɗanda dangi ne ga sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema suke jeme fata da ita. Yadda ake gwada su shi ne a raini ƙwayoyin jijiya a cikin ɗan faranti, a zuba musu abin da zai kashe su, kamar amiloid, sannan a ƙirga nawa suka rayu a farantin da aka sa wa sinadarin da wanda ba a sa wa ba. A gwaje-gwaje da dama an ga waɗanda aka sa wa sun fi rayuwa, tsatsar da kumburin sun ragu, an kuma ga ɓerayen da aka ba su sun fi tuna hanyar da aka koya musu. Wannan sakamako ne na gaske, kuma ina ganin ya cancanci a ci gaba da kashe masa kuɗi da lokaci.

Amma a faranti kai tsaye ake zuba sinadarin a kan ƙwayar, alhali abin da Hajiya za ta haɗiya sai ya bi ta ciki da hanji da hanta kafin ya shiga jini. Fukoidan yana da girman da hanji ba ya iya tsotsar sa sai ɗan kaɗan, shi kuma fukozantin jiki yakan sauya shi zuwa wani abu dabam kafin ya zagaya. Wanda ya samu ya shiga jinin ma yana da sauran aiki, domin Allah Ya yi wa ƙwaƙwalwa shinge a bangon jijiyoyin jininta, mai tsananin tsaro kamar ganuwa mai ƙofofi ƙalilan, wanda yake hana mafi yawan magunguna wucewa. Ga shi kuma ɓera ba ya kamuwa da cutar Alzaima da kansa, sai an sauya masa ƙwayoyin gado don ya nuna wani yanki na alamominta, saboda haka warkar da ɓera ba ta zama hujja a kan mutum. Wani nazari da ya bi diddigin magungunan wannan cuta da aka gwada a kan mutane daga 2002 zuwa 2012 ya ƙirga guda 244, kuma ɗaya tak ne a cikinsu ya sami amincewar hukuma. Galibinsu sai da suka nuna alamar nasara a faranti ko a jikin dabbobi kafin a kai su ga mutane.

Sau biyu abin da ya fito daga ciyawar teku ya kai matakin babban gwaji a kan masu cutar Alzaima, kuma labarin biyun yana da amfani a gare ki. Na farko shi ne homotaurin, wanda ake samu a wasu nau'o'in jar ciyawa. Wani kamfanin Kanada ya gwada shi a kan marasa lafiya sama da 1,000 a Amurka da Kanada na tsawon wata 18, da sakamako ya fito a 2007 ba a ga bambanci mai gamsarwa ba tsakanin waɗanda suka sha shi da waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan haka sai aka koma sayar da shi a matsayin ƙarin abinci, domin ƙarin abinci ba a neman ya kawo hujjar warkarwa kafin ya shiga kasuwa. Ina so ki riƙe wannan, saboda ta wannan ƙofar ce mafi yawan kafso irin wanda aka tallata miki suke shigowa.

Na biyu shi ne GV-971, wanda masana a birnin Shanghai suka haɗa daga ciyawa mai ruwan ƙasa. A watan Nuwamban 2019 hukumar magunguna ta ƙasar Sin ta amince da shi bisa sharaɗi, bayan gwajin da aka yi a kan mutum 818 na tsawon mako 36 ya nuna waɗanda suka sha shi sun ɗan fi samun maki a jarrabawar tunani. Masu shi sun ce ta hanji yake aiki, wato yana gyara ƙwayoyin halittar da ke zaune a cikin hanji, wannan kuma ya rage kumburin ƙwaƙwalwa, abin da zai sa ba ya buƙatar ƙetare shingen da na ambata. Tunani ne mai jan hankali. Sai dai a wannan gwajin ba a ga wani bambanci bayyananne ba a harkokin yau da kullum kamar wanka da sa tufafi da cin abinci, waɗanda su ne abin da mai jinya take kallo, kuma masana da yawa a ciki da wajen Sin sun nuna shakku a kan sakamakon. An fara wani babban gwaji a ƙasashe da dama don a raba gardama, amma aka dakatar da shi a 2022 kafin a kammala, kuma hukumomin magunguna na Amurka da Turai ba su amince da maganin ba. Idan wannan ne matsayin wanda aka tace aka auna aka gwada a kan ɗaruruwan mutane, to garin ciyawa da aka ɗura a kafso ba shi da abin da zai tsaya a kai. Ko da kin ga lambar NAFDAC a jikin kwalbar, ki duba da kyau, domin a kan kayan ganye da ƙarin abinci akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Shawarata ita ce kuɗin nan ya tafi wajen binciken Hajiya. Ki kai ta a ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ki tafi da duk magungunan da take sha har da na gargajiya. Akwai mantuwar da take da magani, kamar wadda ƙarancin bitamin B12 yake kawowa, ko raunin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod, ko ciwon damuwa, ko wasu magungunan barci, kuma ba a gane su sai an duba mutum an auna jininsa. Idan kuwa ta tabbata ruɗewar tsufa ce, akwai magunguna irin su donefezil da suke sassauta alamomin na wani lokaci ga wasu, ko da yake ba sa tsayar da cutar. A duba jinta da ganinta, a daidaita hawan jinin da suga. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da za a iya gyarawa, ciki har da waɗannan, ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu wannan larura a duniya. Wani babban bincike a kan shanyewar ɓarin jiki da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da nan Kano, aka wallafa a 2018, ya sami hawan jini a kan gaba wajen haddasa ta, ya kuma ga masu yawan cin ganye sun fi tsira. Zogale da alayyafo da rama da yakuwa suna nan a kasuwar Rimi da 'Yankaba da araha.

A gida kuma, idan ta ce ba ta yi sallah ba, a bar ta ta sake ya fi a tsaya musu da ita. Ki sa takarda mai lambar wayarki a jakarta ko a ƙulle a gefen mayafinta, ki kuma sanar da maƙwabta halin da ake ciki, domin abin baƙin ciki ne yadda a wasu wurare ake jifan tsohuwa mai wannan ciwo da maita ko a ce sammu aka yi mata, alhali rashin lafiya ce kamar kowace.

TAMBAYA TA BIYU

Ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero. Ina ganin ko da ciyawar teku ba ta yi magani ba, ai tsiro ce daga Allah, ba za ta cutar ba. Mene ne laifin mutum ya sha don rigakafi?

AMSA

Ɗan'uwa, zaƙami da tumfafiya ma tsirrai ne, kuma babu wanda zai ba ɗansa su don rigakafi. A maganar da muke ciki abin ya fi haka kusa, domin biyu daga cikin sinadaran da aka fi sani da kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a cikin ciyawar teku aka fara gano su.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wani sinadari mai suna gulutamet, wanda yake zaburar da ƙwayar da ya taɓa sannan a kwashe shi nan take. A 1953 masana a Japan suka ware asid ɗin kainik daga wata jar ciyawa da mutanen can suka daɗe suna sha don kashe tsutsar ciki. Daga baya aka gano yana kama da gulutamet har ƙwayar jijiya ta karɓe shi, amma shi ba ya sakin ta, sai ya yi ta zaburar da ita har ta gaji ta mutu. Har gobe shi ake yi wa ɓeraye allura da shi a ɗakunan gwaji idan ana son a jawo musu farfaɗiya da lalacewar ƙwaƙwalwa don a gwada wani magani. Ɗan'uwansa asid ɗin domoik ya fi shi muni. A 1987 a tsibirin Yarima Edward na ƙasar Kanada, mutum sama da 100 suka kwanta bayan sun ci wasu halittun ruwa masu ɓawo, dangin dodon-koɗi, waɗanda suka tara wannan guba daga ƙananan tsirran teku da suke ci. Aƙalla mutum uku suka rasu, wasu daga cikin waɗanda suka tashi kuma suka rasa ikon riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwarsu har abada. A nan ya kamata in kwantar da hankalin uwayenmu mata cewa gulutamet ɗin da ke cikin farin magi hanji ne yake cinye mafi yawansa, kuma shingen ƙwaƙwalwa yana tare sauran, don haka ba a haɗa shi da waɗannan.

Mafi yawan nau'o'in da ake ci a matsayin abinci ba su ne masu wannan guba ba, amma su ma suna da abin lura. Ciyawar teku tana zuƙar abin da ke cikin ruwan da ta tsiro, mai kyau da marar kyau. A 2004 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'a su daina cin wani nau'i mai suna hijiki saboda yawan gubar asenik da ke cikinsa. Babban mutum yana buƙatar ayodin, wato sinadarin da ake sa wa gishiri, maikirogiram 150 ne a rana (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), alhali giram ɗaya na busasshen kombu yana iya ɗaukar sama da 1,000, kuma yawan ayodin yana rikita aikin tayirod kamar yadda ƙarancinsa yake yi, musamman ga tsofaffi da masu maƙoƙo. Fukoidan kuma yana da halin tsinka jini, saboda haka mai shan wafarin ko asfirin, kamar yawancin waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, yana iya jefa kansa cikin haɗarin zubar jini idan ya haɗa su ba da sanin likita ba. Wanda ya ci ɗan ganyen a cikin abinci jefi-jefi babu damuwa a kansa. Wanda nake jiye wa tsoro shi ne mai haɗiyar kafso kullum bai san nau'in ciyawar da ke ciki ba, bai san ruwan da aka ciro ta ba, bai kuma san adadin ayodin da yake sha ba.

TAMBAYA TA UKU

Ina zaune a Ɗorayi, maiɗakina tana da juna biyu wata huɗu. An ce mini matan Japan suna cin ciyawar teku shi ya sa 'ya'yansu suke da kaifin basira. Shin in nemo mata?

AMSA

Malam, Allah Ya raba lafiya. A cikin duk abin da ciyawar teku take ɗauke da shi, wanda aka tabbatar ba tare da jayayya ba cewa ƙwaƙwalwa tana buƙatarsa shi ne ayodin, kuma a cikin tokar ciyawar teku aka fara gano shi a Faransa a 1811. Da shi jikin uwa yake haɗa sinadarin tayirod da ƙwaƙwalwar ɗan tayi take ginuwa da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ƙarancinsa a matsayin babban sanadin naƙasar ƙwaƙwalwar yara da ake iya kaucewa. Mai juna biyu tana buƙatar maikirogiram 250 a rana. Ƙasashen da suke nesa da teku sukan yi fama da ƙarancinsa a ƙasar noma, shi ya sa dattawanmu suke tuna lokacin da maƙoƙo ya yi yawa a wasu garuruwa, shi ya sa kuma tun 1993 Najeriya ta wajabta sa ayodin a gishirin da ake sayarwa don ci.

Saboda haka ba sai ka nemo mata komai daga Japan ba, kuma kafso ɗin ciyawar teku yana iya ba ta fiye da kima ya taɓa tayirod ɗin jaririn. Ka riƙa sayen gishirin leda wanda aka rubuta yana da ayodin, ka bar na buhu da ake aunawa a buɗe a rana. A zuba shi a mazubi mai murfi nesa da murhu da danshi, domin ayodin yana raguwa idan gishiri ya daɗe a buɗe. Wannan ba ya nufin a ƙara yawan gishiri a miya, domin abin da ake so ga babban mutum shi ne ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ƙwai da madara da kifin teku irin wanda ake sayarwa a daskare suna ƙara mata ayodin. Ta riƙa zuwa awo a kan lokaci, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da folik asid da ake ba ta a can, idan kuma ta lura da kumburi a gaban wuyanta ta nuna wa ma'aikaciyar jinya a awo na gaba.